Sihiri, Tarihi da Hoton Maƙwabta a Ƙagaggun Labaran Hausa: Waiwaye Daga Gasar 1933

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna a Sheda domin sake duba manhajar Hausa, akwai ƙorafi guda da ba ya rasa isowa gaban masu zaɓen littattafan adabi. Ƙorafin kuwa shi ne, wai littattafan zube da ake sa wa yara sun cika maganar aljanu da bokaye da tsafi, kuma irin wannan karatu ba ya gina tarbiyya, ba ya kuma ƙara ilimi mai amfani. Wasu iyaye suna kallon abin ta fuskar addini. Wasu malamai kuma ta fuskar zamani suke kallonsa, suna cewa yaron da ake so ya san kimiyya, me zai yi da labarin mutumin da aljani ya sura ya kai wata duniya cikin dare ɗaya? Ba mu raina wannan ƙorafi ba. Sai dai bin tarihin littattafan ya nuna mana cewa an daɗe ana gadin ƙofar da ɓarawo ba ta nan yake shigowa ba.

Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, tun daga farkon rubutaccen zube na boko, marubutan Hausa suna dama abu uku a ƙwarya ɗaya: sihiri da al'ajabi, da tarihi na haƙiƙa mai ɗauke da sunayen sarakuna da garuruwa, da kuma hoton mutanen da ba Hausawa ba, ko ba Musulmi ba, ko ba 'ya'ya ba, wato bayi. Na farkon, yaro yakan tace shi da kansa, domin ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya san doki ba ya tashi sama. Wanda ba ya iya tacewa shi ne na ukun, saboda yakan zo a naɗe cikin na biyun, ya shige masa a matsayin gaskiya.

Wurin da muke wannan aiki ma yana da abin cewa. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988 ta hanyar haɗe hukumomi huɗu, ciki har da cibiyar harsuna ta ƙasa, mazauninta yana Sheda, cikin Ƙaramar Hukumar Kwali, a kan hanyar Lakwaja. Wannan kuwa ƙasar Gbagyi ce, mutanen da Bahaushe yake kira Gwari, kuma Kwali ce mahaifar Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan da aka sa hotonta a bayan takardar naira ashirin. Tun daga lokacin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyar da Hausa da Igbo da Yarabanci ga yaran da ba su gaje su ba, ajin Hausa ya daina zama na 'ya'yan Hausawa kaɗai. Daɗin daɗawa, manhajar ilimin tushe ta shekara tara da aka fito da ita a 2007 ba ta ware wa Tarihi darasi mai zaman kansa ba, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi a hukumance. A tsawon waɗannan shekaru, yara da yawa ba su ji labarin zuwan Turawa ko cinikin bayi ta Hamada a wani aji ba, in ba a ajin adabin Hausa ba, daga bakin taurarin ƙagaggun labarai.

2.0 Tushen Al'ajabi Kafin Zuwan Boko

Bahaushe bai jira ɗab'i ba kafin ya ƙagi duniyar al'ajabi. Yana da tatsuniya, wadda galibi mata da tsofaffi suke yi wa yara da dare, da taurarinta irin su Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami. Abin lura a nan shi ne, tatsuniya tana da shinge. Tana da kalaman buɗewa da kowa ya sani, tana da na rufewa inda mai bayarwa yake jingina ƙaryar ga Gizo, har ma an hana yin ta da rana. Saboda haka mai sauraro ya san lokacin da aka shiga duniyar ƙarya, ya kuma san lokacin da aka fito.

Tarihihi kuwa ba shi da wannan shinge. Labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, da na Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, ana ba da su ne a matsayin abin da ya faru, ga rijiyar ga dutsen kowa yana gani. Sai kuma rafi na uku da ya kwararo daga littattafan Larabci ta hannun malaman zaure, kamar Alfu Laila wa Laila da Muƙamat na Hariri da ƙissoshin yaƙe-yaƙe. Daga nan ne aka sami sarakunan aljanu da zoben mulki da birane masu ƙofofin tagulla. Lokacin da Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, duk nau'o'in nan uku a cuɗe suke a ciki, kamar yadda ya same su a hannun malaman da suka rubuta masa.

Akwai kuma rafi na huɗu da marubutan farko suka kauce wa, wato bori. Ba muna kira a koyar da bori ba ne, amma a matsayin shaida ta tarihi ya kamata mai nazari ya lura cewa a birnin iskoki na Jangare, kamar yadda masu bori suke bayyana shi, akwai gidan Filani da na Gwari da na Arna, akwai makafi akwai kutare, kowa da sarkinsa da kiɗansa. Wato tunanin Bahaushe na gargajiya, da ya tashi tsara duniyar ɓoye, sai ya tanadar wa kowane maƙwabci mazauni a cikinta. Marubutan boko sun ɗauko aljanunsu daga littattafan Larabci, suka bar na gida.

3.0 Gasar 1933

An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zauna a Zariya ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. Ita ce ta fito da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, inda aka fassara tarihin Kano da wasu takardun Larabci. A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai masu tsawo. Shi da kansa ya bayyana daga baya irin wahalar da ya sha wajen shawo kan malamai, domin a ganinsu ƙaga labari aikin mata da yara ne, bai dace da mai ilimi ba. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. A lura, wannan ya faru ne shekaru kafin D. O. Fagunwa ya fito da littafinsa na farko na mafarauci a dajin aljanu cikin Yarabanci a 1938. A kuma lura, da labari ya tashi daga tabarmar dare ya koma takarda, sai ya fita daga hannun mata. Babu mace ko ɗaya cikin marubutan, haka kuma abin ya ci gaba kusan rabin ƙarni.

Wanda ya fi dacewa da batunmu cikin biyar ɗin shi ne Ganɗoki, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. An haifi Bello Kagara a 1890 a Kagara, cikin yankin Kwantagora, yana da kimanin shekara goma sha ɗaya ke nan lokacin da Turawan Ingila suka ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita gudu. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, sa'an nan a ranar 27 ga Yuli na wannan shekara aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Daga Burmi zuwa gasar East shekara talatin ce kacal. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe mashi a waɗannan yaƙe-yaƙe suna raye, suna zaune a zaurukan da aka karanta littafin.

A kan wannan tarihi marubucin ya ɗora tauraronsa. Kashin farko na littafin yana tafe da sunayen sarakuna da garuruwa na gaskiya, Ganɗoki yana cikin mayaƙan da suka kara da Turawa, ya kuma bi ayarin masu hijira. Daga nan, ba tare da wata sanarwa ba, sai ƙasa ta sauya. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka shiga duniyar aljanu da dodanni da ƙasashen gabas masu nisa, inda takobinsa yake cin kowa, yana rusa gumaka yana musuluntar da birane. Da ya komo gida sai ya tarar da mulkin Turawa ya kafu, ya kuma yi na'am da zaman lafiyar da ya gani.

A ganinmu, aljanun nan ba ado ba ne. Malamin da yake karɓar albashi a ƙarƙashin mulkin Turawa, yana rubuta wa hukumar Turawa littafi, ba shi da halin ya ce an ci Bature da yaƙi, tarihi ma bai yarda ba. Amma yana da halin ya fitar da jaruminsa daga Burmi da rai, ya kai shi inda babu bindiga mai ruwa, ya ba shi nasarar da aka hana shi a gida. Sihiri a nan mafaka ce ta mutanen da aka ci da yaƙi. Malamin aji da ya cire kashi na biyu saboda gudun aljanu ya jefar da abin da ya fi kome bayyana halin da zukatan mutanen Arewa suke ciki a 1933. Wannan shi ya sa muke cewa ƙorafin sihiri bai sami bakin zaren ba.

To, amma ga inda gizo yake saƙar. Kafin Ganɗoki ya kara da Bature, da wa yake yaƙi? Sarautar Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a tsakiyar ƙarni na sha tara, ta ginu ne a kan kai hare-hare ƙasashen Gwari da Kambari da maƙwabtansu. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau a 1880, ya yi suna a tarihi wajen kamun bayi har yankuna suka zama kufai. A bakin jarumi irin Ganɗoki, waɗannan mutane arna ne kawai, abin gwada kaifin takobi. Ba su da suna, ba su da magana, ba a jin kukan uwa a cikinsu. Matsayinsu a kashin farko daidai yake da na dodanni a kashi na biyu, bambancin kawai shi ne dodanni ba su bar jikoki ba, su kuwa sun bari, ga su nan a ajinmu. Kuma tun da littafin ba shi da shingen da tatsuniya take da shi, yaro yakan watsar da aljanun a matsayin ƙarya, ya riƙe hoton arnan a matsayin tarihi.

Shaihu Umar ya bi wata hanya dabam. Babu sarkin aljanu a ciki, al'ajabinsa na ƙaddara ne. Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912 kuma yake koyarwa a Midil ta Bauci a lokacin, ba ɗan gidan sarauta ba ne, kuma alƙalaminsa ya tsaya a wajen waɗanda aka kama. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun Balaraben fatake Abdulkarim, aka ƙetara da shi Hamada. Uwarsa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, ta bi ta Murzuk har Tarabulus, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. Wannan uwa ita ce mace mafi nauyi a duk littattafan biyar. Duk da haka, ko a nan akwai iyakar tausayi. Musibar gidan Umar ta faro ne daga harin da sarki ya aika ƙasar Gwari, inda mijin uwarsa, Makau, ya kamo bayi, abokan hassada suka yi masa sharri a kan rabonsu. Mai karatu yana jin zafin zaluncin da aka yi wa Makau, amma manoman da aka kamo daga gonakinsu sun shige cikin lissafin ganima, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Bautar da ta zama abin kuka ita ce ta ɗiya Musulma.

Wani malamin Hausa a wata ƙaramar sakandare da ke wannan yanki ya taɓa ba mu labari a wajen taron ƙara wa juna sani. Ya ce ranar da suka karanta wannan babi na hari, sai ya ga kawunan yara sun juya wajen wasu ɗalibai biyu 'yan Gbagyi, aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Bayan an tashi, ɗaya daga cikinsu ta same shi ta ce, "Malam, mu ne arnan da aka kamo?" Ya ce bai sami abin da zai gaya mata ba, domin jagoran malami da ke hannunsa ya tanadi tambayoyi a kan jigo da salo da halayen taurari, bai tanadi wannan ba. Laifin ba nasa ba ne, namu ne masu rubuta jagoran.

Ruwan Bagaja ba ya buƙatar dogon bayani ga masu karanta wannan rahoto. Imam, ƙanen Bello Kagara, yana da shekara ashirin da biyu yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta shi. Shi ma daga Kwantagora ya tayar da Alhaji Imam neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya bi da shi ta garuruwa na gaske kamar Tambutu da na ƙage, har duniyar aljanu. Gasar wayo tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kuwa tana da tushe a Muƙamat, kamar yadda Imam da kansa ya ambata a tarihin rayuwarsa. Tarihi a nan fenti ne kawai, raha ce gaba. Jiki Magayi kuma shi ne amsar da ta fi dacewa ga iyaye masu tsoron sihiri, domin Abubakar ya sha wuya ya samo asirin da zai rama ƙwace masa Zainabu da Malam Shaihu ya yi, asirin ya lalata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba a taɓa yin wa'azin guje wa boka da ya fi wannan ratsa jiki ba. Abin sha'awa, John Tafida Kirista ne daga Wusasa, abin da yake nuna cewa tun ranar farko adabin boko na Hausa ba na addini ɗaya ba ne, ko da yake ba kasafai ake gaya wa ɗalibai haka ba.

4.0 Ƙaura Daga Tarihin Gida

Bayan 1933 sai aka fara janye al'ajabi daga ƙasar Hausa ana kai shi nesa. Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku daga 1937, ya kafa fadarsa a wata ƙasar gabas ta ƙage, aku yana ba da labaran da Imam ya tsamo daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa, kamar yadda Ibrahim Malumfashi ya bi sawunsu dalla-dalla. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na farkon shekarun 1950, asalinsa jarumin Rasha ne, Iliya Muromets. Sarki Waldima da birnin Kib ba kowa ba ne illa Vladimir da Kiyef, amma dokinsa Ƙwalele ya zama ɗan gida har ya shiga bakin mutane. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, inda kimiyya ta karɓi aikin da aljani yake yi a da. Sai a 1980, da fitowar So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a kamfanin NNPC, mace ta dawo da muryarta cikin ƙagaggen labari, da tauraruwa Bafilatana, Boɗaɗo, wadda ta zaɓi mijin da danginta ba su so, ta kuma yi fama da aljana a kansa.

Daga shekarun 1990, adabin kasuwar Kano ya haifar da abin da masu karatu suke kira littattafan yaƙi. Abdul'aziz Sani Madakin Gini, marubucin Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, yana cikin waɗanda suka fi fice, haka kuma Aliyu Abubakar Sharfaɗi da ya kawo Malikussaif cikin Hausa. Masana sun fi mayar da hankali ga littattafan soyayya, suka yi wa waɗannan kallon hadarin kaji, alhali samari suna karanta su ƙwarai, daga baya ma aka riƙa karanta su da murya ana saurare a YouTube. Suna da abin yabo guda da na 1933 ba su da shi: mata jarumai masu riƙe takobi da jagorancin runduna sun yawaita a cikinsu. Amma galibinsu an gina su ne a Misra da Farisa da Sin da biranen da ba su a taswira, a wani zamani maras shekara, matsafa masu bautar gumaka a gefe guda, ma'abocin addini a ɗaya gefen. Babu Bagwari da aka ci wa fuska, gaskiya ne, amma kuma babu Kano, babu Gobir, babu Kwararrafa. An kauce wa matsalar maƙwabci ta hanyar barin unguwar gaba ɗaya. Ko aron ma yana da nasa ƙaiƙayi: a asalin Larabci na ƙissar Saifu bin Zi Yazan, abokan gaba Habashawa ne, kuma an gina rikicin a kan tsohuwar maganar nan ta la'antar zuriyar Hamu, wato baƙar fata. Mai zaɓen littafi ga yaran Afirka bai kamata ya rufe ido ga irin wannan ba.

5.0 Sarauniyar Lugu da Abin da Ya Shafi Manhaja

Misalin da ya nuna cewa ana iya haɗa abubuwan nan uku ta wata fuska ya fito ne daga ƙetaren iyaka. A watan Afrilu na 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta riƙa ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, ta auka wa Lugu a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi. Mutanen Lugu Azna ne, Hausawa masu addinin gargajiya, shugabarsu kuwa mace ce mai riƙe da sarautar Sarauniya, wadda ake kira Mangu, aka kuma yi imani tana da asiri. Sun yi turjiya, suka janye cikin daji. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu, kafin Yuli ya ƙare kuma sojojinsu da kansu suka harbe Voulet da Chanoine. Takardun Faransawa a taƙaice suka ambaci Sarauniya, amma a bakin mutanen yankin asirinta ne ya haukata Turawan biyu.

A 1980 Abdoulaye Mamani ya ɗauki wannan ya gina littafinsa Sarraounia da Faransanci, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Ga sihiri, ga tarihi mai shekara da wata, amma tauraruwar ita ce irin mutumin da Ganɗoki zai kira arniya ya wuce. Mamani ma ya yi nasa ƙari, ya girmama yaƙin fiye da yadda takardu suka nuna, ya kuma shafa wa sarakunan Musulmi na kewaye baƙin fenti. Wato shi ma yana buƙatar tacewa. Amfaninsa shi ne, idan aka ajiye shi kusa da Ganɗoki, ɗalibi zai ga zamani ɗaya, abokin gaba iri ɗaya, harshen taurari ɗaya, amma an sauya wanda aka ba magana. Marubutan Nijeriya da ke Amurka, irin su Nnedi Okorafor da Tomi Adeyemi, sun sami kasuwar duniya da labaran sihiri da aka gina a kan al'adun Igbo da Yarabawa, har ana ɗaukar abin sabo. A wajenmu ba sabo ba ne. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne littafin Hausa da zai ba Bamaguje ko Bagwari ko baiwa ragamar labari a cikin tarihinmu na gida.

Bisa ga haka, ba mu goyi bayan cire Ganɗoki ko Ruwan Bagaja ko Iliya daga jerin littattafan makaranta ba, ba mu kuma goyi bayan a yi musu kaciya a sababbin bugu ba. Goge kalmar arna daga littafin 1934 ɓoye shaida ne, yaro kuma zai gamu da ita a kasuwa ba tare da malami a kusa ba. Abin da muke ba da shawara shi ne jagoran malami ya gina shingen da littafin ya rasa. A darasin Ganɗoki, a sa ɗalibai su ware abin da za a iya tabbatarwa, kamar faɗuwar Kwantagora a 1901 da yaƙin Burmi a 1903, daga abin da aka ƙaga, su nuna daidai shafin da ƙasa ta sauya, su kuma faɗi dalilin da suke jin ya sa marubucin ya sauya ta a nan. Sa'an nan a ƙara wata tambaya a kan jigo da salo da zubi da tsari da aka saba yi: wane ne ya yi magana a wannan babi, wane ne kuma aka yi maganarsa kawai? A babin hari na Shaihu Umar, aikin insha'i zai iya zama a sake ba da labarin daga bakin ɗaya daga cikin manoman da aka kama, a ba shi suna da gari da iyali. A makarantun Kwali da Gwagwalada da Abaji akwai ɗaliban da za su iya tambayo kakanninsu yadda aka riƙa hawa duwatsu don gudun mahara, su kawo aji cikin Hausa.

Za a iya cewa ai Bahaushe da Bagwari abokan wasa ne, bai kamata a ɗauki abin da zafi ba. Amma barkwanci, ko tsakanin Katsinawa da Nufawa ne ko Filani da Barebari, sharaɗinsa shi ne kowa yana da bakin ramawa. A shafin littafi ɓangare ɗaya ne yake da baki, sai fa in malami ya buɗe wa ɗayan.

Saura batun samar da sababbin littattafai. Gasa ce ta haifi littattafan 1933, gasa ce kuma ta fito da So Aljannar Duniya, don haka hanyar sananniya ce. Muna ganin sashen bunƙasa harsuna zai iya haɗa kai da jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da mawallafa a shirya gasar ƙagaggun labarai na al'ajabi ga matakin ƙaramar sakandare, da sharaɗin a gina labarin a wani zamani da wuri sananne na tarihin wannan yanki, kamar Zazzau ta zamanin Amina, ko Gobir kafin jihadi, ko hanyar fatauci ta Gwanja, kuma a buɗe ta ga duk mai rubutu da Hausa, har da na Jamhuriyar Nijar. A cikin alƙalan gasar a sa masanin tarihi guda, da kuma malamin aji guda daga makarantar da Hausa take harshe na biyu.